Yadda ake farfaɗo da fulawar wardi da aka yi watsi da ita

Fulawar wardi tana da taurin rai fiye da yadda mutane suke zato. Za ka shiga gida ka ganta a jikin katanga duk ta zama ƙirare, ƙaya ta ko'ina, ganye 'yan ƙwarori can a sama, ciyawa ta cinye gindin, kowa ya ce ai wannan ta mutu a tuge ta a huta. Wallahi sau da yawa ba ta mutu ba, ƙishi ne kawai da rashin aski. Kuma abin da na fi ganin yana ƙarasa irin wannan fulawa ba sakacin da aka yi mata ba ne, zumuɗin mai gyaran ne, mutum ya zo da adda a tsakiyar bazara ya sassare ta ƙasa-ƙasa, ya juye mata rabin mudun takin zamani wai don ta yi saurin tashi, kafin sati biyu ta ƙone ƙurmus. Toh jerin aikin shi ne maganar: ruwa tukuna, sannan yanka, taki a ƙarshe. In ka juya wannan jerin ka yi asarar ta.

Maganar da nake yi ta wardi mai ƙaya ce, ba kariya ba, wato wannan mai ƙaton gindi mara ƙaya da ake sayarwa a gefen titi. Ita kariya yawan ruwa ne ke ruɓar da ita, kuma ƙaronta guba ne, kar ka ɗauki wannan bayanin ka yi mata aiki da shi.

Kayan da za ka tanada

Almakashin yankan fulawa mai kaifi, irin wanda bakinsa biyu ke wuce juna, ba mai danne reshe yana murƙushe shi ba. In babu, wuƙa mai kaifi sosai ta yi, amma banda adda, adda farfasa kara take yi kuma ta wurin fashewar ruɓa ke shiga.

Ƙaramin zarto na tsofaffin kara masu kauri da almakashi ba zai iya ba.

Safar hannu mai kauri, ta fata in da hali, irin ta masu walda tana yi sosai. Ka sa riga mai dogon hannu. In ƙaya ta soke ka ka cire ta ka wanke wurin da sabulu nan take, kar ka raina ta, sukar ƙayar wardi tana iya kumbura ta yi ruwa.

Sifirit da ɗan tsumma na goge bakin almakashi. In babu sifirit, bilicin wanki irin su Hypo, kashi 1 a ruwa kashi 9, sai dai yana sa tsatsa, in ka gama ka ɗauraye ka shafa mai.

Ƙaramar fartanya, bokiti, da abin feshi. Gorar ruwa da aka hudawa murfi da allura ma tana fitar da kai. Abu ɗaya dan Allah, kar ka aro injin feshin da aka taɓa fesa maganin ciyawa da shi, ko an wanke, wardi ba ta jure ko ɓurɓushinsa, za ka ga sabon toho yana fitowa a ƙanƙance a murɗe kamar an tsungule shi.

Ruɓaɓɓen takin gargajiya kamar bokiti ɗaya, na shanu ko na awaki da tumaki, wanda ya daɗe har ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Sai ɗan takin zamani NPK 15-15-15, kaɗan ake buƙata. Sai abin rufe gindi, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa ko busasshen ganye. Sai 'ya'yan dogon yaro da sabulun salo saboda ƙwari.

1. Fara duba ko da sauran rai

Kar ka yanke komai tukuna. Ka sa farce ko bakin wuƙa ka ɗan kankare ɓawon reshe, kaɗan dai. In ka ga kore da damshi a ƙarƙashi, da rai. In ruwan ƙasa ne a bushe, ka sauko ƙasa kamar taƙi ɗaya ka sake, haka haka har gindi. Yawanci saman ne ya mutu, ƙasan yana nan lafiyarsa. Ko kara ɗaya tak ka samu mai kore, aikin ya cancanta. In duk sun bushe har ƙasa, ka tone ƙasar gindin da yatsa ka kankare can wajen da saiwa ta haɗu da kara, in nan ma da kore toh ka ba ta ruwa na sati uku zuwa huɗu ka gani, sau da yawa daga nan take fasowa. Amma in ka riƙe kututturen ka girgiza ka ji yana rawa a cikin ƙasa, cikinsa ya zama rami ƙasa ta cika shi, gara ta riga ka, sai haƙuri.

A nan kuma ka tsaya ka kalli wurin da take. Wardi tana son rana kamar awa 6 a yini, kuma a ƙasarmu ranar safe zuwa azahar ta fi mata alheri, in ta samu inuwa daga azahar zuwa la'asar ta more. Wadda aka dasa jikin katangar da ke kallon yamma, ga siminti ko intalok a ƙasa yana maido mata da zafi, ita ce ke fi wahala a watan Afrilu lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri. Wadda kuma mangwaro ko dogon yaro ya girma ya rufe, za ta yi ta tsawo siririya tana neman haske ba fure. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

2. Share gindin

Ka cire ciyawa da hannu kamar kamu biyu zagaye da gindin, da leda da gwangwani da fasassun bulo da duk tarkacen da aka saba jibgewa a wurin. Busassun ganyenta da suka zube ka kwashe su kaf ka ƙone ko ka kai bola, kar ka bar su wai su zama taki, a jikinsu cutar baƙin ɗigo take kwana ta jira damina. In ƙasar ta daskare ka sassauta ta da fartanya sama-sama, zurfin yatsa kawai, domin ƙananan saiwoyin da take shan ruwa da su a sama suke, in ka yi mata noman dawa ka tsinke su. Daga nan ka tattaro ƙasa ka yi mata ɗan fangali zagaye, yadda in ka zuba ruwa zai tsaya ya nutse maimakon ya gangare.

In akwai awaki a gidan ko suna shigowa, yanzu ne lokacin shinge, tun kafin toho ya fito. Ƙayar ba ta hana akuya komai, sabon tohon wardi ma kamar shi ta fi so.

3. Ruwa, sati biyu zuwa uku, ba wani abu

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa saboda ba a ganin aiki a cikinsa. Ranar farko ka zuba bokiti ɗaya a hankali, ka jira ya shanye, ka ƙara wani. Ƙasar da ta daɗe a bushe ba ta karɓar ruwa da farko, sai ka ga yana gudu ta gefe ko ya bi tsaga ya wuce, ka tona da yatsa ka tarar ƙasan a bushe take kamar ba a zuba komai ba, shi ya sa ake yi kashi-kashi. Bayan nan bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku. In ƙasarka jigawa ce mai rairayi ka matso da kwanakin, in laka ce mai riƙe ruwa ka nisanta su. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne yatsa, ka cusa shi har gaɓa ta biyu, in da sanyin damshi ka bari sai gobe.

Da safe ake ba ta, kuma a gindi, ba a kan ganye ba. Kofi ɗaya kullum ba ban ruwa ba ne, yana sa saiwa ta taso sama ne rana ta dafa ta, gara mai yawa jefi-jefi. Kuma banda ruwan wanki da na wanke-wanke, na san a gida da yawa gindin fulawa ne makwararar ruwan omo, gishirin da ke cikinsa ne ke sa bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Ruwan alwala ko na ɗaurayar kayan miya ba laifi, ka tara a bokiti ka ba ta.

Cikin waɗannan satuttukan za ka fara ganin idanu, wato 'yan tsinin da toho ke fitowa daga cikinsu, suna kumbura a jikin kara, wasu jajaye-jajaye. Su ne za su nuna maka inda rai yake kafin ka ɗauki almakashi.

4. Lokacin aski

Busasshen reshe kowane lokaci ana iya cire shi. Amma babban aski yana da lokacinsa. A nan arewa wanda na fi yarda da shi shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya fara sauka, sanyi na shigowa. Sabon toho zai fito cikin sanyi, kuma bayan sati 6 zuwa 8 za ka ga fure, furen sanyi kuma shi ne mai girma da kala mai kyau. Dama ta biyu ita ce farkon damina in ruwa ya zauna, amma aski mara zurfi, kuma ka zaɓi ranar da gari ya bushe. Daga Maris zuwa Mayu kuwa kar ka kuskura, ganyen da ke jikinta shi ke yi wa karan inuwa, in ka tuɓe ta rana za ta ƙone ɓawon. In a bazara ka gaji fulawar, ka tsaya a ruwa da rufe gindi da cire matattun rassa har lokaci ya yi. Mutanen Jos da Mambila su kam Allah ya hutar da su, sanyin tsauni ya sa suna da sarari fiye da mu a wannan lissafin.

5. Mai aure ce ko ba mai aure ba

Kafin ka yanke mai rai ko ɗaya ka san wannan. Wardi iri biyu ce a hannun masu sayarwa. Akwai wadda aka tsiro da ita daga reshe, ita duk abin da ya fito daga ƙasa nata ne, ka bar shi. Akwai kuma mai aure, yadda ake yi wa mangwaro, an ɗauko idon mai kyan fure an ɗora a kan gindin wata mai ƙarfin saiwa. Za ka gane ta da wani ƙulli ko kumburi a gindin kara dab da ƙasa, daga nan rassa suke tashi, wani lokacin ƙasa ta binne shi sai ka tona kaɗan.

Matsalar mai aure in aka yi sakaci da ita, gindin na ƙasa yana fitar da nasa rassan, kuma sun fi ƙarfi, su shanye abincin su bar ta saman tana ramewa har ta mutu. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa da fulawata manyan jajayen fure take yi yanzu ta koma ƙanana, ko ta daina gaba ɗaya sai tsawo. Ba canzawa ta yi ba, gindin ne ya ƙwace gidan. Alamar rassan gindin: suna fitowa daga ƙasan ƙullin ko daga cikin ƙasa ɗan nesa da gindi, dogaye ne masu saurin tsawo, ganyensu ƙanana kuma kalarsa ta bambanta da ta sauran, sau da yawa 'yan ganye 7 ne a sili ɗaya maimakon 5. Amma kar ka dogara da ƙirgen ganye kaɗai, akwai irin da nasu na asali ma 7 ne, inda reshen ya fito shi ne hujja. Ka tona ka bi shi har tushensa ka fizge shi ƙasa da hannu mai safa, ya ɓalle daga jikin saiwar. In ka yanke shi a saman ƙasa kawai, biyu ko uku za su fito a madadinsa.

Sai a kula sosai, sabon kara mai kauri ja-ja mai taushi da ya fito daga jikin ƙullin ko samansa, wannan shi ne arzikin da muke nema, shi ne zai zama sabuwar fulawar. Masu koyo da yawa shi suke fara yankewa saboda jan ganyensa ya ba su tsoro.

6. Askin kansa

Ka goge almakashi da sifirit. Ka fara da matattu, ka yanke su har inda ka samu rai. Yadda za ka sani, ka kalli fuskar yankan, in totuwar ciki fara ce tas ka tsaya, in ruwan ƙasa ce ka ƙara saukowa. Wanda ya mutu har gindi ka sa zarto ka cire shi daf da tushe, kar ka bar kututture, shi ne ke kiran gara. Duk sanda ka yanki reshe mai baƙin tabo ko ruɓa, ka sake goge almakashin kafin ka taɓa mai lafiya.

Sai sirara, duk wanda bai kai kaurin fensir ba ya tafi, ba zai ɗauki fure mai kyau ba. Sai masu gogar juna, ka cire ɗaya ka bar mai ƙarfin. Sai waɗanda suka nufi tsakiya, domin so ake tsakiyar ta zama a buɗe iska da haske su ratsa.

Yanzu abin da ya rage su ne manyan kara, wasu kore masu santsi, wasu tsofaffi masu toka-toka da ɓawo ya faffashe. A nan hannu ke ƙaiƙayi a share tsofaffin duka, toh kar ka yi. Fulawar da ta sha wuya ba ta da ajiyar ƙarfin da za ta sake gina kanta daga babu. Ka cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin a bana, sauran baɗi da baɗin baɗaɗa, lokacin sababbi sun fito sun maye gurbi. Manufa a ƙarshe ka samu kara 3 zuwa 5 masu ƙarfi. Waɗanda ka bari ka rage musu tsawo zuwa tsakanin gwiwa da ƙugu, in kuma ta yi rauni sosai kashi ɗaya cikin uku na tsawon kawai za ka ɗauke.

Yadda ake yankan yana da muhimmanci. Ka nemi ido, yana nan daidai inda ganye ya fito ko ya taɓa fitowa, ɗan tsini ne ƙarami. Ka zaɓi wanda ke kallon waje, domin inda ido ya kalla nan reshe zai nufa. Ka yanke kamar rabin santimita a samansa, a karkace, gangaren ya bi bayan idon yadda ruwa ba zai kwanta a kansa ba. In ka bar dogon guntu a saman ido, guntun zai bushe ya yi baƙi, kuma baƙin yakan ci gaba da gangarowa ƙasa. In ka matse shi sosai kuma idon ya mutu. Manyan yanka wasu suna shafa musu farin gam na kafinta don kar ƙwaro ya huda totuwar, ba dole ba ne amma ba ya cutarwa. Baƙin mai da fenti dai a'a.

Iri biyu ba a yi musu wannan askin. Mai hawa katanga, ita dogayen karanta ake bari a kwantar da su a ɗaure a kwance-kwance, sai a rage ƙananan rassan gefe zuwa ido biyu ko uku, a jikinsu fure yake. Sai irin mai ƙamshin nan ruwan hoda da ake ruwan wardi da turare da ita, dangin wadda ake nomawa a Ɗa'ifa ta Saudiyya, galibinsu sau ɗaya suke fure a shekara kuma a jikin reshen bara, don haka sai sun gama fure ake rage su. In ba ka san irin taka ba, ka yi aski mara zurfi bana ka ga halinta.

Duk abin da ka yanke ka kwashe, musamman in yara na yawo ba takalmi. Amma ka ware lafiyayyun kore guda huɗu ko biyar ka tsoma a ruwa, akwai aikinsu a mataki na 12.

7. Taki

Ranar aski za ka iya baza ruɓaɓɓen takin gargajiya, rabin bokiti zuwa ɗaya, zagaye da gindi amma kar ya taɓa kara, ka ɗan cakuɗa da ƙasar sama ka ba da ruwa. Ɗanyen kashin kaji kuwa wuta ne, in shi kaɗai gare ka ka tara shi gefe kana yayyafa ruwa kana juyawa wata biyu zuwa uku tukuna.

Takin zamani sai sabon toho ya kai tsawon yatsa kuma ganye ya buɗe. Cikin kwalin ashana ɗaya ya ishi babbar fulawa, rabi ga ƙarama ko ta tukunya. Ka ba da ruwa tukuna, ka barbaɗa shi taƙi ɗaya nesa da kara, ka rufe da ƙasa, ka sake ba da ruwa. Ka maimaita bayan sati 4 zuwa 6 muddin tana toho, ka dakata a tsananin bazara. Yuriya zalla ba na ba da shawara, ganye za ta yi ta yi mai taushi, ƙwarin darɓa su samu abinci, fure kuma kaɗan. In babu kuɗin NPK ba komai, takin gargajiya sau biyu ko uku a shekara yana riƙe ta.

Toka kuma, na san ana yawan cewa a zuba. Wardi ta fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami kaɗan, toka kuma kashe tsamin take yi, in ta yi yawa sai ka ga sababbin ganye sun yi ɗorawa amma jijiyoyinsu kore, alamar saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe ke nan. Haka ma ƙasar da aka cakuɗa da ɓaraguzan siminti take yi, da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse mai barin farin tabo a jikin bokiti. Maganinsa ka daina tokar, ka yawaita ruɓaɓɓen taki, ka tari ruwan sama in lokacinsa ne. In kuma tsofaffin ganyen ƙasa ne ke yin ɗorawa gaba ɗaya, ko yunwa ce ko ruwa ya yi yawa, yatsa zai raba gardama.

8. Rufe gindi

Ka shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko ɓuntu ko busasshen ganye kaurin yatsa uku a kwance, ka bar fili kamar faɗin tafin hannu zagaye da kara. Yana rage ƙafewar ruwa sosai a hunturu da bazara, yana hana ciyawa. Aibinsa ɗaya gara. In gidanku gidan gara ne, ka yi amfani da ganyen dogon yaro, ka riƙa ɗagawa kana leƙawa duk sati, kuma kar ka bar ƙasar ta bushe ƙayau, itacen da ƙishi ya raunana gara ta fi kamawa. Da damina ta yi nisa ka rage kaurinsa.

9. Ƙwari da cuta

Sabon toho na fitowa baƙi za su zo. Na farko darɓa, ƙananan ƙwari kore ko baƙaƙe da ke dafifi a kan toho da ƙunshin fure, ganye ya yi danƙo, kiyashi na hawa da sauka. In kaɗan ne ka murje su da yatsa ko ka watsa musu ruwa da ƙarfi. In sun yi yawa, ka daka ƙwayar 'ya'yan dogon yaro kamar giram 50, wato cikin hannu guda, ka jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ka tace da tsumma, ka narka ɗan sabulun salo kaɗan a ciki, ka fesa da yamma sama da ƙasan ganye, ka maimaita bayan sati. Da rana tsaka ba a feshi, ganye zai ƙone. Garin omo ba ya maye gurbin sabulu, fiya-fiya da maganin sauro kuma ba na shuka ba ne.

A rani in ka ga ganye ya yi fari-fari da ƙananan ɗigo kamar ƙura ta zauna, ka juya bayansa, za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin jajayen halittu da siririyar yana. Zafi da ƙura suke so. Nan kam ina cewa a jiƙa ganye, ka wanke bayan ganyen da ruwa da sassafe duk bayan kwana biyu ko uku yadda zai bushe kafin rana ta take.

Da damina kuma baƙin ɗigo, tabo baƙi zagayayye a kan ganye, kewayensa ya yi ɗorawa, ganyen ya zube, yana farawa daga ƙasa ya hau. Ganyen da ya kamu ba ya warkewa, ka tsinke shi ka kwashe na ƙasa. Buɗe tsakiyar nan da muka yi rabin maganin ke nan. In abin ya ci tura akwai mankozeb a shagon maganin gona, wanda masu tumatir ke amfani da shi, ka bi ma'aunin da ke jikin leda, ka rufe hanci, ka sani kuma kare sabon ganye yake yi ba gyara tsoho ba. Farar hoda a kan toho lokacin sanyi da raɓa ita ma cuta ce, ka yanke wurin da ya kamu da wuri.

10. In fure ya fara

In fulawar ta sha wuya sosai, ƙunshin fure na farko ka tsinke su tun suna ƙanana. Da ciwo, na sani, amma ƙarfin zai koma kara da saiwa kuma zagaye na biyu zai fi. Bayan nan duk furen da ya yi yaushi ka yanke shi, ka sauko zuwa ganye na farko mai 'ya'ya 5 da ke kallon waje ka yanke a samansa, daga nan wani reshen fure zai fito. A bazara fure zai ƙanƙance ya koɗe, wani ma ya ƙone kafin ya buɗe, ba laifinka ba ne, ka ci gaba da ruwa, in da hali ka kafa mata ɗan buhu ko zana ta ɓangaren yamma.

11. In wurin ne bai yi ba, ko a tukunya take

In inuwar babbar bishiya ta rufe ta kuma ba za a iya sassabe rassan ba, sai ƙaura. Ka bari sai farkon damina ko cikin sanyi, ka shayar da ita sosai ana gobe, ka haƙa sabon ramin tukuna, zurfi da faɗi kamar santimita 50, ka cakuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki. Da yamma ka haƙo ta da dunƙulen ƙasarta, ka rage rassan kamar rabi, ka dasa daidai zurfin da take a da, ka danne, ka cika da ruwa, ka yi mata inuwa na sati guda. Ba takin zamani sai ta yi sabon toho.

Ta tukunya ko bokitin fenti kuma, ka kwantar da shi ka zaro ta. Yawanci za ka tarar saiwa ta nannaɗe ta cika ko'ina ƙasa ta ƙare. Ka warware ta da yatsa, ka yanke baƙaƙe masu wari, ka koma da ita mazubi mafi girma mai huji a ƙasa, da haɗin ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Baƙar roba tana ɗaukar zafi sosai, ka naɗe ta da buhu ko ka sa ta inda rana ba ta dukan jikinta. Ita ta tukunya a rani kusan kullum take son ruwa.

12. Rassan da ka ajiye a ruwa

Waɗannan su ne madogara ko da uwar ba ta tashi ba. Ka yanka su tsawon santimita 15 zuwa 20, kowanne da ido uku ko huɗu, yankan ƙasa ya zama dab da ƙarƙashin ido. Ka cire ganyen duka sai biyu na sama, ka kula kar ka juya shi kai ƙasa. Ka cika baƙar leda ko ledar fiya wata da ka huda da yashi da ƙasa rabi da rabi, ka soka reshen rabinsa ya nutse, ka ba da ruwa, ka kifa masa gorar roba da aka yanke gindinta don ya riƙe laima, ka ajiye a inuwa mai haske. Ƙasar ta zauna da damshi ba caɓi ba. Ba duka za su kama ba, shi ya sa ake yin da yawa. Wanda ya yi baƙi daga ƙasa ya tafi, ka zare shi. Wanda ya fitar da ganye a sati na biyu kar ka yi murna ka tuge shi don ganin saiwa, da abincin jikinsa ya yi wannan ganyen, saiwa sai sati 4 zuwa 8. In ka ga fararen saiwoyi ta jikin leda ko ta hujin ƙasa, ka cire gorar, ka riƙa fito da shi ranar safe kaɗan-kaɗan na sati biyu, sannan ka yaga ledar ka dasa shi da ƙasarsa.